TAKARDAR GWAJI KO TAKARDAR SAKI?

Kwanan baya a zauren muhawara na ƙungiyarmu wani ɗan'uwa mai koyon aikin likita ya miƙe ya kawo shawara, wai idan ana son a tare wa ƙanjamau hanya a karkara, to a bi matan da ke cikin haɗarin kamuwa da ita ƙauye-ƙauye, a ɗebi jininsu, a auna ko suna ɗauke da cutar nan ta ƙurajen al'aura wadda likitoci ke kira hapis. Ya kawo alƙaluma, ya yi Turanci mai daɗi, zaure ya kaure da tafi. Ni dai ban tafa ba. Da yake lokaci bai isa in faɗi dalilina a wurin ba, shi ya sa na roƙi wannan fili, domin abin da aka tafa wa ɗin nan na taɓa ganinsa da idona, kuma ba a littafi na gan shi ba, a tsakar gidanmu na gan shi.

Kafin in shiga husuma, bari in ba abokin gabana haƙƙinsa, domin ba duk abin da ya faɗa ne ƙarya ba. Ita wannan cuta iri biyu ce. Ta farko ita ce mai fito da 'yan ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarta. Ta biyun ita ce ta al'aura, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Takan fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, su fashe, su warke, ƙwayar cutar kuwa ta koma cikin jijiya ta laɓe, sa'an nan wata rana ta sake lekowa. Har yanzu ba a sami maganin da ke fitar da ita daga jiki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 520 ne 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da wannan iri na biyu, watau wajen kashi 13 cikin 100, kuma mata sun kusa ninka maza, domin ta fi saurin tashi daga namiji zuwa mace. Mafi yawansu kuwa ba su ma san suna da ita ba. Haka nan gaskiya ne cewa mai ɗauke da ita ya fi wanda ba ya da ita haɗarin kamuwa da ƙanjamau wajen ninki uku, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wannan na yarda. Inda muka raba hanya shi ne wurin maganin da ya kawo.

Ni mutumin ƙasar Dambatta ne. Wanda ya san arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Makoɗa, ya san ba mu da daji. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida, ko'ina ka waiga sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gero da dawa. Saboda wannan cunkoso ne masana irin su Michael Mortimore suka yi shekaru suna nazarin yadda ƙasa kaɗan ke ciyar da jama'a mai yawa. To amma cunkoson nan yana da 'ya'ya biyu waɗanda suka shafi zancenmu. Na farko, gonar gado ta tsattsage har ba ta ciyar da gida shekara, saboda haka da an gama kaka maza sai su bazama cin rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Ikko, wasu su bi manyan motocin da ke lodin hatsi a Dawanau. Na biyu, a irin wannan wuri asiri ba ya kwana. Abin da aka faɗa a ɗakin shan magani da hantsi, kafin la'asar ya isa bakin rijiya.

Akwai wata yayata, 'yar baffana, wadda ta goya ni ina ƙarami. Mijinta ɗan cin rani ne, wata biyar ko shida yake yi ba ya gida. Wata shekara ta yi ta fama da ƙaiƙayi, aka sha jiƙe-jiƙe, aka sayi ƙwayoyin kemis, ba sauƙi. Da ya dawo sai ya kai ta wani ɗakin gwajin jini na kuɗi a birni, aka ce a yi mata gwajin komai da komai. Aka ba su takarda da Turanci. Ƙanjamau babu. Amma a wani layi an rubuta cewa an ga alamar hapis iri na biyu. Ya tambayi wanda ya miƙo takardar, aka ce masa ciwo ne da ake ɗauka ta saduwa, kuma ba ya warkewa. Iyakar bayanin ke nan. Ba wanda ya ce masa ya miƙo nasa hannun, shi kuma bai miƙa ba. Kafin mako ya zagayo ta dawo gida da goyo a baya da takarda biyu a ƙullin zane, ta gwaji da ta saki. Da na je hutu ta kira ni ɗakin Inna, ta zaro ta farkon ta ce, "Auta, kai da ka yi boko, karanta mini abin da na yi." Na ce, "Yaya, takardar nan ba ta ce kin yi komai ba." Ta ce, "To me ya sa kowa ya karanta ta sai ya dube ni?" Har yau ban sami amsar da zan ba ta ba, sai dai na sami tambayoyi uku da zan yi wa masu tafi.

Tambaya ta farko: shin gwajin nan gaskiya yake faɗi? Ya kamata mai karatu ya sani, gwajin jini ba ƙwayar cutar yake gani ba, dakarun da jiki ya tanada domin yaƙarta yake gani. Watau sawu yake gani a gona, bai ga akuyar ba, bai san ta wane ne ba, bai kuma san ranar da ta shiga ba. Ko sawun ma yakan ruɗe shi. A shekarar 2016 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya yi lissafi cewa idan aka auna mutum 10,000 a inda kashi 15 cikin 100 ke da cutar, da gwajin da aka fi amfani da shi, za a ce wa mutum 1,485 suna da ita kuma gaskiya ne, za a kuma ce wa 1,445 suna da ita alhali ƙarya ce. Kusan rabi da rabi ke nan, tamkar a jefa kwabo sama. Saboda haka kwamitin ya ce kada a riƙa auna mutanen da ba su da wata alama, ya kuma sake jaddada haka a 2023. Wannan a ƙasar da aka ƙera gwajin ke nan. A nan Afirka abin ya fi muni. Wani nazari na 2011 da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen kudu da Sahara ya nuna cewa gwajin HerpeSelect, idan aka bi ma'aunin kamfanin da ya yi shi, cikin lafiyayyu 100 wajen 69 kaɗai yake wankewa, sauran ya shafa musu kashin kaji. Gwajin Kalon ya fi shi, amma shi ma yakan ɗora wa wajen 9 cikin 100 abin da ba su da shi. Ƙa'ida ita ce a sake tabbatarwa da wani gwaji na dabam. To ina tambaya, a wane ɗakin shan magani na Kunci ko Tsanyawa za a yi wannan tabbatarwa? Wane miji ne zai biya kuɗin mota da na gwaji karo na biyu domin ya wanke matar da zuciyarsa ta riga ta yanke wa hukunci?

Tambaya ta biyu: mu ƙaddara gwajin ya faɗi gaskiya, sai a yi me? Ɗan'uwanmu ya ce sai a ba ta magani ya danne cutar, ƙofar ƙanjamau ta rufe. Wannan tunani ba sabo ba ne, manyan masana sun riga shi, sun kuma gwada shi da kuɗi masu yawa. A yankin Muwanza na ƙasar Tanzaniya an ɗauki mata 821 masu aiki a mashaya da masaukai da wuraren sayar da abinci, dukkansu masu hapis amma ba su da ƙanjamau, aka ba rabinsu ƙwayar asikulobir safe da yamma, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Da sakamako ya fito a 2008, ba wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu wajen kamuwa da ƙanjamau. A wannan shekarar dai aka fitar da sakamakon wani gwajin da ya haɗa mata a Afirka ta Kudu da Zambiya da Zimbabuwe da kuma maza a Peru da Amurka, mutum sama da 3,000, nan ma maganin bai hana ba. A 2010 aka zo da na uku, na ma'aurata fiye da 3,400 a ƙasashen Afirka bakwai, inda ɗaya ke da cututtukan biyu ɗaya kuma ba ya da ƙanjamau. Maganin ya rage fitowar gyambo ƙwarai da gaske, amma bai rage yaɗuwar ƙanjamau ba. Sau uku aka tona wannan rijiya, sau uku ba a tarar da ruwa ba. Ashe ke nan abin da za mu ba matar ƙauye bayan mun zuƙi jininta shi ne suna, ba kariya ba.

Tambaya ta uku, ita ce ta fi ci mini rai: wa zai biya kuɗin wannan suna? A birnin Turai mace za ta karɓi takardarta ta saka a jaka, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. A garinmu kuwa mace ba ta zuwa asibiti sai da izinin miji, da kuɗinsa, sau da yawa ma da rakiyarsa ko ta ƙaninsa, kuma da yake takardar da Turanci take, wani ne zai karanta mata. Kafin ta san abin da ke jininta, mutum uku sun sani. Shari'armu ta tsananta a kan mutuncin mace, har ta ce wanda ya jefe ta da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba a yi masa bulala 80. Yau ga shi mun ƙirƙiro wata hanya ta yin ƙazafi ba tare da buɗe baki ba, an buga ta da inji an sa mata hatimi. Alhali kuwa takardar ba ta iya faɗin wanda ya kawo cutar gida. Namiji na iya ɗaukarta tun yana saurayi, ya yi shekara goma bai taɓa ganin ƙurji ɗaya ba, ya ba uwargida, ya ba amarya. Bazawara na iya gadonta daga mijin fari wanda ya riga mu gidan gaskiya. Amma da yake jinin mace aka ɗiba, sunan mace ne a kan takarda. An bar jaki ana dukan taiki.

Kai, ita kanta kalmar nan ta "mata masu haɗarin kamuwa" tana bukatar a tsaya a kanta. Idan ɗan boko ya faɗe ta, hankalinsa na tafiya wurin mata masu zaman kansu da masu tuwo-tuwo a tasha. To su ma mutane ne, kuma sun fi kowa cancantar a kula da lafiyarsu ba tare da tozarci ba. Amma a ƙasarmu wace ce mai haɗarin? Ita ce matar da ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai da izini, mijinta kuwa yana kwana a garuruwan da ba ta san sunansu ba. Ita ce yarinya 'yar shekara 15 da aka kai ɗakin mai shekara 50 wanda ya auri biyar ya saki huɗu. Babban binciken ƙanjamau na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin 'yan shekara 15 zuwa 49, mata kashi 1.9 cikin 100 ne ke ɗauke da ita, maza kuwa 0.9. Shiyyarmu ta arewa maso yamma ita ce mafi ƙaranci, kashi 0.6, alhamdu lillahi. Amma wannan rata da ke tsakanin mata da maza ba daga sama ta faɗo ba. Haɗarin macen karkara ba a jininta ya fara ba, da ƙafa biyu yake shigowa, ya yi sallama, a kawo masa ruwa. Shirin da ya auna ta ya ƙyale shi, ya auna inuwa ne ya bar mutum.

Kada kuma mu manta da tarihin garin nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, shari'a ta ja har shekaru. Wannan tabo na cikin abin da ya sa jama'a suka gaskata jita-jita, har aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Darasin shi ne, yardar talaka da asibiti kamar ƙwai take. Ranar da labari ya zaga ƙauyuka cewa wance ta ba da jini an sake ta, wance ma haka, to daga ranar maza za su hana mata zuwa awon ciki, su kuma matan su gudu da ƙafarsu. A wurin awon cikin nan kuwa ake gano ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, cututtukan da idan an gano su akwai abin yi, har a tsirar da jariri. Garin gyaran gira sai mu rasa ido.

Wani zai ce, to ɗan Dambatta, kana nufin a naɗe hannu ke nan? A'a, ko kaɗan. Ban ce gwajin ba ya da wurin zama ba. Macen da ƙuraje ke yawan fito mata, ko wadda aka tabbatar mijinta na da cutar, musamman idan tana da ciki, likita na da hujjar auna ta, domin uwar da ta kamu dab da haihuwa na iya ba jaririnta, kuma ga jariri cutar na kisa. Ko a nan ma, idan ƙurjin yana nan, a dangwalo ruwansa a auna ya fi gwajin jini tabbas. Abin da na ƙi shi ne a yi wa lafiyayyun mata kuɗin goro. Ga abin da nake ganin ya fi.

Da farko, duk gwajin cutar saduwa da za a yi wa matar aure, a yi shi tare da mijinta, rana ɗaya, a zaunar da su a yi musu bayani da Hausa kafin a ɗebi jini da kuma bayan an ɗiba. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayu na 2024, wadda ta ambaci ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, ko me za a ce game da ita, tana da wannan adalci guda, ta hau kan ango kamar yadda ta hau kan amarya. Kada a zo daga baya a lallaɓo da gwajin hapis a cusa cikin jerin, domin da gwajin da ke kuskure haka, auren da za a rushe bisa ƙarya ba zai ƙirgu ba.

Na biyu, kuɗin da za a kashe wajen farautar sawu a kashe su kan abin da aka tabbatar yana aiki. Gwajin ƙanjamau yana da inganci, yana da hanyar tabbatarwa, kuma wanda aka samu da ita akwai maganin da idan ya riƙe shi har ƙwayar ta kwanta a jininsa, ba zai ba iyalinsa ta hanyar saduwa ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu babban haɗari ƙwayar rigakafin ƙanjamau ta kullum. A 2024 kuma aka gwada allurar lenakafabir, wadda ake yi sau biyu a shekara, a kan 'yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin fiye da 2,000 da aka yi wa ba ko ɗaya da ta kamu a lokacin da aka fitar da sakamakon. Wannan shi ne abin da ya kamata mu matsa wa Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Jihar Kano ta kai Dambatta da Bichi da Gezawa, kada ya tsaya a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala.

Na uku, a kai maganin ƙurajen ɗakunan shan magani na karkara, a koya wa ma'aikata su gane gyambon al'aura su yi maganinsa cikin sirri, domin mu raba mata da masu lasifika a kasuwa waɗanda kowace cuta a wurinsu sanyi ce, kowane sanyi kuma wai a masai aka ɗauko shi. Na huɗu, hukuma ta sa ido kan ɗakunan gwaji na kuɗi masu sayar da jerin gwaje-gwaje kamar masu sayar da kayan koli. Wanda ba zai iya zama ya bayyana ma'anar sakamako ba, ba shi da haƙƙin miƙa shi.

Daga ƙarshe ina kira gare mu, mu ɗalibai. Yawancinmu da kuɗin gyaɗa da na akuyar iyayenmu mata muka zo nan. Gobe mu ne likitoci, mu ne masu tsara shirye-shirye a ma'aikatu, mu ne kuma mazajen. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Kafin mu tafa wa wata dabara domin ta zo da alƙaluma, mu tambayi kanmu a kan wa za ta sauka idan ta isa ƙauye. Malamanmu na soro da limamanmu su ma su taimaka, su gaya wa maza a huɗuba cewa wanda ya dawo daga cin rani ya fara kai nasa hannun kafin ya kai na matarsa.

Yayata tana nan a gidanmu, tana ƙuli-ƙuli tana ciyar da ɗanta. Shi kuwa ya sake aure kafin damina ta faɗi, yarinya ɗanya, kuma har yau ba wanda ya ga launin jininsa. Ina roƙon ɗan'uwanmu mai shawara, idan yana da amsa, ya kawo ta a fitowa ta gaba, zan karanta da zuciya ɗaya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mutuncin iyayenmu mata. Wassalam.